Keken Jaririn Marta

Ranar da Ilaria ta fara zuwa Benis, garinmu da ke tsakiyar ruwa, ni na je tarbarta a tashar jirgin ƙasa, saboda ɗana Alvise yana wurin aiki. Ita ce yarinyar da zai aura, 'yar wani ƙauye can cikin duwatsun arewa. Ya riga ya faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa inda ta zaɓa nan za su zauna. Ni kuwa har na share musu ɗakin sama, na sa an yi fenti. Tsoro nake ji, domin shi kaɗai ya rage mini.

Sai aka yi rashin sa'a ranar garin ya cika ya batse. Jirgin ruwan haya ya zo ba masaka tsinke, na biyu ma haka, dole muka taka da ƙafa. Baƙi masu yawon buɗe ido sun toshe kowane lungu, kowa ya ɗaga waya sama, ya tsaya ƙerere a kan gada kamar gadon ubansa. Ina gaba ina ture su da gwiwar hannu, ita tana baya tana jan akwati tana ba su haƙuri.

Na yi ta yabon gari har bakina ya gaji. Ba ta kushe komai ba. Ta dai tambaya ko kullum ruwan haka yake wari, na ce sai da zafi. Ta tambayi inda muke sayen burodi, na nuna mata shagon, sai na tuna tun bara ya koma na tsarabar baƙi. Daga nan gwiwoyina suka fara yi mini tsiya.

A gadar unguwarmu muka tarar da Marta, 'yar maƙwabciyata, tana fama da keken jariri a gindin matakalar gadar. A garin nan ba a tambaya. Duk ɗan gari da ya ga uwa da keke, kama gaban yake yi a haye tare, kowa ya kama gabansa. Na ji daɗi a raina, na ce yau yarinyar nan za ta ga abin da ba a sayarwa a shago. Na sunkuya na kama.

Nauyin ya kusa kayar da ni. Na ɗaga mayafin, sai ga tukwane da faranti da injin ɗinki.

"Ina yaron?" na ce.

"Yana ƙetare wurin babansa, Inna Nerina. Mun samu gida a tudu. Wannan ne sawu na ƙarshe." Ta share gumi, ta dubi Ilaria. "Ke ce amaryar? Allah ya ba ki ƙashin baya, 'yar'uwa."

Ilaria ta ajiye akwatinta, ta karɓi gaban keken daga hannuna, suka haye da shi. Ni na zauna a kan matakala, abin da na shekara ina zagin baƙi a kansa. Mutane suna ta ratsa ni, wani ma har ya ɗauke ni hoto.

Da ta dawo sai ta zauna kusa da ni, ta cire takalmi tana murza ƙafa. Ta ce garin yana da kyau ƙwarai, ba ta taɓa ganin irinsa ba. Na san abin da ke biye da irin wannan magana.

"Mama," ta ce, "gidan da muka duba ni da Alvise a can wajenmu yana da ɗaki a ƙasa. Naki ne in kina so. Babu matakala."

Ashe har sun duba gida. Raina ya ɓaci. Na buɗe baki in gaya mata a nan aka yanke cibiyata, a nan mijina yake kwance, ba inda za ni. Amma gwiwoyina suna zugi, ga hawa uku na jirana a gida.

"Babu ko ɗaya?" na ce.