Sunan 'Yar Fari

Shekara arba'in da biyu Atika ta yi a duniya, ba ta taɓa jin sunanta a bakin mahaifiyarta ba. Ita ce 'yar fari, Inna Harira kuwa ta riƙe kunyar 'yar fari kam-kam. "Ke," take ce mata, ko "waccan," in ta ƙure ta ce "uwar su Bilal." Atika ta saba, har dariya abin yake ba ta, amma wallahi can ƙasan ranta tana so ta ji ko sau ɗaya ne.

To, da ciwon ƙafa ya matsa wa Inna, aka ɗauko ta daga Rafin Guza zuwa gidan Atika a Unguwar Rimi, sai ta tarar jikoki Turanci kawai suke zubawa. Tsohuwa ta ce ina! Ba za a yi gulmarta tana zaune ba. Da ma ta yi yaƙi da jahilci, tana haɗa baƙi. Atika kuma malamar Turanci ce a sakandare, don haka suka riƙa zama a baranda bayan la'asar, Inna da littafinta da fensir.

Ran nan darasin wakilin suna aka yi: namiji "he," mace "she," in suna da yawa "they." Inna ta taɓe baki.

"Yo wannan har karatu ne? Wa zai kalli mace ya ce shi?"

Atika ta ce to, ta rubuta jimla uku a kan wani na gida. Inna ta duƙufa, ta daɗe tana fama. Da Atika ta leƙa, duka ukun da "she" suka fara: ita malamata ce, ita ke dafa mini abinci, ita mai haƙuri ce.

"Inna, ita wa? Sai an fara kawo sunan mutum kafin a ce ita, in ba haka ba mai karatu bai san da wa ake ba."

"Kin san ta."

"Ni yanzu malama ce, ban san ta ba."

"Ji 'yar nema!"

Inna ta gyara mayafi, ta ƙura wa bishiyar mangwaro ido. Nan take Atika ta ji kunyar kanta, ta miƙa hannu za ta karɓi littafin. "Bar shi, Inna, sa sunan ƙanwata Humaira ma ya yi."

Inna ta doke hannun. Ta goge kalmar farko, ta yi rubutu a hankali. Sannan ta juya wa 'yarta baya, ta fuskanci bango, ta karanta ƙasa-ƙasa da Turancinta mai ɗingishi: "Atika is my teacher."

 Daɗi ya rufe Atika har idonta ya ciko.

"Turanci ne," in ji Inna, ba ta juyo ba. "Ba ni na faɗa ba, littafi ne."

"Inna, Keke Napep ya wuce, ban ji sosai ba. A maimaita."

"Ja'ira," in ji tsohuwa. Ta gyara murya, ta maimaita.