Inda Kyamara Ta Kalli Ƙasa

Tun mai shagon bidiyo bai gama ɗage ƙofar ƙarfe ba Inna ta iso, wayarta a dunƙule cikin hannu. 'Yarta, ma'aikaciyar asibiti, tana biye da ita tana roƙon ta bi a hankali. Inna ba ta zo bi a hankali ba. Shekara talatin ta yi tana wanki da guga a gidajen mutane, ba ta taɓa ƙona wa kowa riga sannan ta ce masa ado ta yi masa ba.

"Kai ne mai almakashin?" in ji ta.

Mutumin ya gyara zaman tabarau, ya gane 'yar, ya yi murmushi. "Mama, barka da zuwa. Aikin bai yi kyau ba ne?"

"Ya yi kyau. Kyan ne ya kawo ni. Ina ka kai maganar ɗana?"

Ɗan da take nufi shi ne babbanta, bakanike, wanda kowa ke kira Dogo. Shekara goma sha huɗu ke nan da mota ta faɗo masa a gareji, ko asibiti bai kai ba. Hotunansa suna nan guda uku, amma muryarsa wuri ɗaya kawai ta saura a duniya: wani ƙaramin kaset da ƙanwarsa ta ɗauka da kyamarar aro, ranar da ya zo gyara wa Inna fankar ɗaki. Sau ɗaya Inna ta kalli kaset ɗin, a ranar, a ɗan allon kyamarar, kafin mai ita ya karɓi abinsa. Tun daga nan kaset yana cikin gwangwanin madara a ƙasan akwati, har 'yar ta ji labarin shagon da ke juye tsofaffin kaset zuwa waya.

Abin da shagon ya ba su minti shida ne. Ga Dogo a kan kujera yana kwance fanka, ga shi yana dariya, an rage saurin hoton har dariyar tana tafiya kamar a cikin ruwa, an ɗora wani kiɗa mai sanyi a kai. Bakinsa yana motsi, ba a jin komai.

"Mama, ai gyara muku na yi," in ji mai shagon. "Haka muke yi. A cire inda hoto ya girgiza, a cire inda babu komai, a sa ɗan kiɗa. Kowa haka yake so."

"Ni kowa ce? Akwai inda yarinyar nan ta gaji ta saki hannu, kyamara ta kalli ƙasa. Nan ne ya zauna muka yi hira. Ina wurin?"

"Na tuna. Wajen minti goma sha ɗaya, daɓen ɗaki ne kawai da ƙafar mutum. Na ɗauka mantawa aka yi ba a kashe ba."

"Ka ɗauka. Kunnenka fa, haya ka ba da shi?"

Ya dubi abin sawa a kunne da ke rataye a jikin ƙusa, ya yi ƙura. Ya ce gaskiya shi da ido yake aiki. Ga janareta a bayan shago, ga masu walda a maƙwabta, ga aiki ya taru, sai ya kashe sauti ya bi hoto da gudu, inda ya ga babu fuska ya yanke.

"To mayar da kaset ɗin cikin injinka ka ɗauko mini."

"Mama, kaset ɗin ya yi fumfuna. Da ƙyar ya zagaya sau ɗaya, yana kaiwa ƙarshe zaren ya tsinke ya cukurkuɗe. Ai na gaya wa Anti."

'Yar ta sunkuyar da kai. Ya gaya mata, ita ce ta kasa gaya wa uwarta.

Inna ta jawo bencin masu jira ta kai shi bakin ƙofa, ta zauna daidai tsakiya, yadda ba mai shiga ba mai fita. "Ni ban yi boko ba, ban san abin da ke cikin akwatin nan naka ba. Amma na san in tela ya yanka yadi, ƙyallen yana faɗuwa ƙasa ne, ba ya hawa sama. Nemo mini ƙyallena. Ina nan."

Ya zauna gaban kwamfuta. Ya buɗe aikin, sai allon ya cika da jajayen layuka. Ya ce wannan yana nufin ɗanyen fayil ɗin, wato kaset ɗin kamar yadda ya shiga tun ba a taɓa shi ba, ba ya inda ya bar shi. Ya duba kwandon shara na kwamfutar, wayam. Duk ƙarshen mako yake kwashe shi don samun wuri. Gumi ya fara tsattsafo masa a goshi. Wani mutum ya zo da katin hotuna a hannu, ya leƙo, ya ga fuskar Inna, ya ce zai dawo.

"Inna, ko ruwa za ki sha?" in ji 'yar.

"In ya nemo na sha."

Mai shagon ya jawo aljihun tebur, ya fito da wasu baƙaƙen ma'ajiyai guda huɗu masu girman sabulu, kowanne da takarda manne a jiki. Ya ce wani lokaci, in kaset ya tsufa sosai, yakan kwafe ɗanyen a nan kafin ya fara yanka, amma ba kullum ba. Ya jona na farko, babu. Na biyu ya yi ta ƙaras-ƙaras ya ƙi buɗewa. Leɓunan Inna suna ta motsi. A na uku, can ƙasan jeri, ya tsaya da yatsa.

"Minti arba'in da biyu," ya ce a hankali. "Shi ne."

"Kada ka taɓa shi. Kada ka wanke shi, kada ka goge shi. Zuba mini shi yadda yake."

Ya sa kwamfutar ta fitar da shi. Wani koren layi ya kama rarrafe, suka zuba masa ido su uku har ya cika. Ya tura a wayar Inna, ya danna. Hoto ya fito, sauti babu.

Inna ta miƙe tsaye.

"Mama, tsaya, wallahi yana ciki! Wayarki ce tsohuwa, ba ta gane irin wannan sautin. Zan juya shi zuwa irin wanda ta sani."

"Wayata ce ma mai laifin yanzu."

Ya sake juyawa, koren layin ya sake rarrafe. Wannan karon kafin ya danna ya fita ya kashe janareta, ya roƙi masu walda su ba shi minti goma sha biyar. Shagon ya yi tsit. Ya ja hoton zuwa inda kyamara ta kalli ƙasa, ya miƙa mata.

Ga daɓen tsohon ɗakinta, da tsagar nan ta kusa da ƙafar gado. Ga ƙafar Dogo cikin silifa, babban yatsan da baƙin mai. Sai murya ta tashi, mai ƙarfi, mai kaifi, ta cika shagon.

"Dubi hannunka! Ka shafa mini baƙin mai a labule. Wata guda ban gan ka ba, sai da fanka ta mutu? Ka rame kamar ba a dafa abinci a garin. Kuma wannan rigar, wa ya goge maka ita, makaho?"

Muryar ita Inna ce. Ta tsaya da waya a tafin hannu. Shekara goma sha huɗu tana riƙe da cewa ranar Dogo ya zauna ya yi ta ba ta labari. Ashe ita ce ta yi ta magana. Faɗan ya ci gaba, daga labule ya koma kan abokansa, daga abokai ya koma kan rashin aurensa. Can ƙarƙashi, in ta tsaya jan numfashi, sai a ji shi. Dariya ƙasa-ƙasa. "To, Inna." Ta sake ɗorawa. "Na ji, Inna." Wajen minti na takwas ya fara cewa, "Ni dai da ma so nake in gaya miki," sai muryarta ta hau kansa da zancen sukurun fanka da ya bari a kan gado. Bai koma kan maganar ba.

'Yar ta juya ta fuskanci bango.

Da hoton ya ƙare, Inna ta ɗago ta dubi mai shagon. Sannan ta ce, "Kai da ka iya yanka. Za ka iya cire tawa ka bar tasa?"

Mai shagon ya cire tabarau ya murza ido. "Mama, ba zan yi miki ƙarya ba. Ta kafa ɗaya suka shiga, a haɗe suke. In na rage taki, tasa ma ta tafi."

Ta jinjina kai. "To bar su."

Ta mayar da bencin inda ta ɗauko shi da kanta. Ta sa 'yar ta nuna mata inda ake dannawa a koma baya, ta gwada sau biyu har ta iya. Ba ta yi wa mai shagon godiya ba, ba ta kuma ƙara masa ko kalma ba. Ya raka su bakin ƙofa, ya tsaya riƙe da tabarau a hannu.

A titi masu walda sun koma aiki. Inna ta manna wayar a kunne, ta toshe ɗayan da yatsa, tana tafiya a gefen kwata. 'Yar na biye da ita taku biyu. Da suka kai kwanar layi, ta ji uwarta ta yi magana, ba da ita ba, a hankali, yadda ba ta taɓa jin ta yi wa kowa ba.

"Ke, yi shiru mana. Bar yaron ya ƙarasa."