Kyamarar Bayan Bas ɗin Baba Direba

Mai shago ya jera kwalaye huɗu a kan kanta yana ta zuba kamar an kunna rediyo. Wannan tana gani ko cikin duhu, waccan ruwa ba ya shigarta, wannan kuwa har hirar da ake yi cikin mota tana ɗauka. Mai Wayarin, mai gyaran wutar mota, ko kallonsa bai yi ba. Shekara goma sha tara yana kwanciya ƙarƙashin sitiyarin mutane yana jona waya, ba yau wani mai shago zai koya masa kyamarar mota ba. Ya ture kwali biyu gefe, ya ce marasa waya ne, in aka sa su a doguwar bas hoton sai ya riƙa ɗaukewa yana dawowa, kuma daidai lokacin da ake buƙatarsa yake ɗaukewa.

Baba Direba, maƙwabcinsa, yana tsaye a gefe riƙe da makullin bas. Shi ya jawo shi kasuwar. Mai makarantar da yake ɗauko wa yara ta ce kowace bas a sa mata kyamarar gaba, saboda in an yi karo a san mai gaskiya. Tsohon ya ce ya ji, amma shi ta gaba ba ta dame shi ba, abin da ke gabansa ai yana gani. Ta baya yake so a haɗa masa.

Saura kwali biyu. Ɗaya allonta a jikin madubin sama yake, ɗaya kuma allon daban ne, a kan dashbod ake kafa shi. Mai shago ya zaro ta madubin, ya ɗaga ta sama daidai inda madubin mota yake zama, ya ce Baba ya duba irin kyan hoton. Baba Direba ya yi niyyar ɗaga kai. Kan bai ɗagu ba. Sai ya ja da baya taku ɗaya, ya karkata gaba ɗayan bayansa kamar mai leƙen rufin ɗaki, ya dafe kanta da hannu. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, alhali fanka tana juyawa a kansu.

"Ba mu ta dashbod ɗin," in ji Mai Wayarin.

A hanyar komawa shi ya karɓi tuƙi, tsohon kuwa bai yi musu ba, abin da bai taɓa faruwa ba. Sai da suka wuce shatale-tale sannan Baba Direba ya yi maganar, idonsa na kan titi. Wata uku ke nan wuyan ya sandare. Da farko ya ɗauka makwanci ne, ya canza filo, ya sha shafe-shafe, abin sai gaba yake. Yanzu in zai yi ribas sai dai ya dogara da madubin gefe da sanin hanya, kuma get ɗin gidansa ƙarami ne, sau biyu yana gogar ginshiƙi. Shi da ya shekara talatin da ɗaya a kan sitiyari ko kaza bai taɓa takawa ba!

Mai Wayarin ya ce wannan ai na asibiti ne, ba na kyamara ba.

"Na sani. Bari a yi hutun makaranta, da ƙafata zan je. Amma ka rufa mini asiri, ƙanena. In mai makaranta ta ji, makullin nan za ta karɓe. In kuwa na zauna a gida, ka san zama shi zai kashe ni, ba wuya ba."

To, me zai ce? Mutumin nan katanga ɗaya ta raba su shekara goma sha biyu. Lokacin da Mai Wayarin ya buɗe gareji ba wanda ya san shi, Baba Direba ne ya riƙa bin direbobi ɗaya bayan ɗaya yana turo su. Bai taɓa neman komai a wurinsa ba sai yau. Ga shi kuma, a faɗi gaskiya, Mai Wayarin mutum ne da in aka kawo masa matsala, hannunsa yake fara ƙaiƙayi kafin kansa ya yi tunani. Mutum ba ya iya waiwaye? To a kawo masa bayan gabansa, magana ta ƙare. Ya ce ba komai, bakinsa da zare.

Ranar Asabar da hantsi ya yi aikin, a tsakar gidan tsohon. Ya huda sama da lambar baya ya ɗaura kyamarar, ya bi da wayar ta ƙarƙashin kujeru har gaba, ya jona ta da fitilar ribas yadda da an sa giyar baya allon zai kawo da kansa. Allon ma bai kafa shi a tsakiya ba yadda ake yi wa kowa. Ya zaunar da tsohon a kujerarsa, ya yi ta matsar da shi kaɗan-kaɗan har ya zo daidai inda ido kawai zai saukar ba sai ya motsa kai ba. Aiki ne mai kyau, shi kansa ya san ya yi kyau.

Inna, matar Baba Direba, ta kawo masa ruwa. Ba ta koma ba, ta tsaya tana kallon wayoyin da ke zube a ƙasa. Can ta tambaye shi ko wannan abin zai hana mutum gogar get.

"Inna, ai daga yau ko allura ce a bayansa sai ya gan ta. Get ɗin nan shi da bas sun rabu har abada."

Ta dube shi, ta dubi mijinta da ke ta share gilashin da ba datti a kansa. Ta karɓi kofin ta shige. Mai Wayarin ya yi dariya, ya ce tsofaffi dai da ƙin sabon abu, tsohon ma ya taya shi dariyar.

Abin kuwa ya yi aiki, har ya fi yadda aka zata. Kullum da la'asar bas ɗin za ta zo ta juya, ta shige get da baya sumul, ba tsayawa ba gyara. Baba Direba ya mayar da abin wa'azi, duk inda direbobi suka taru sai ya nuna musu allon, ya ce maƙwabcinsa ba dai hannu ba. Kafin wata guda motoci shida aka kawo gareji a sa musu irinta. Mai Wayarin ya ji daɗi, ba zai yi ƙarya ba.

Amma ido ba mudu ba ne, ya san kima. Ya ga tsohon ya daina gaisuwa da kai, sai ɗaga hannu. Ya ga rigunansa sun fara yi masa yawa. Wata safiya makulli ya suɓuce masa sau biyu a jere, ya tsaya yana kallonsa a ƙasa kafin ya durƙusa da gwiwa ya ɗauka, bayansa a miƙe ƙyam. Hutun makaranta ya zo, Mai Wayarin ya tuna masa da alkawari. Tsohon ya ce ai da sauƙi yanzu, kuma an ba shi aikin kai malamai taro, bari ya gama. Hutu ya ƙare. Ya sake tuna masa, tsohon ya ce, kai yanzu likita ka koma, ko wayoyin ne suka ƙare? Suka yi dariya aka bar maganar. Sau biyu ya tsaya a ƙofar gidan da niyyar kiran Inna ya faɗa mata, sai ya tuna ya yi alkawarin rufa asiri, ya juya. Yana gaya wa kansa cewa babba ne, ya fi shi sanin jikinsa.

Wata Talata da safe matar Mai Wayarin ce ta lura. Ta ce bas ɗin Baba tun ɗazu take kunne ba ta fita ba, ga lokacin ɗaukar yara yana wucewa. Ya zura takalmi ya leƙa. Get a buɗe, inji yana ta aiki, tsohon na zaune a kujerarsa, hannayensa biyu a kan cinya.

"Sun ƙi tashi, ƙanena," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Kashe injin. Ka kira mai makaranta ta tura wani, kar yaran nan su yi ta tsayuwa a rana."

Mai Wayarin ne ya cicciɓe shi ya sa a motarsa. Bai san mutum zai iya yin rashin nauyi haka ba. Inna ta zauna a baya ta tallafe kan mijinta har suka isa asibiti.

Likita ya tambayi tun yaushe abin ya fara. Baba Direba ya ce kamar sati biyu. Mai Wayarin yana bakin ƙofa, ya ji kunya ta rufe shi kamar shi ya yi ƙaryar. Da likitan ya fito sai ya bi shi baranda ya ce masa ba sati biyu ba ne, ya kai wata takwas. Likitan ya tsaya ya dube shi, ya tambaya ko shi ɗansa ne. Ya ce maƙwabci. Likitan ya juya ya wuce. Bayan kwana biyu aka ce ƙari ne a ƙashin wuya, kuma ya riga ya bazu. Ba wanda ya ce da an zo da wuri da an ci nasara. Ba kuma wanda ya ce da ba a ci ba.

Kwana tara ya yi a gadon. Mai Wayarin yana zuwa kullum in ya rufe gareji, ya zauna a kujerar roba daidai ƙafar gado, don nan ne kawai idon tsohon ke kaiwa. Ranar ƙarshe ya same shi da ɗan ƙarfin magana. Ya tambayi ko sabon direban yana jiran yarinyar nan ta layin famfo, ita kullum sai ta makara. Ya ce a wanke bas kafin a mayar, kar a ce ya bar ta da datti. Sannan ya ce aikin nan da ya yi masa, ko sau ɗaya bai ba shi kunya ba, Allah ya yi albarka. Mai Wayarin ya amsa da amin. Washegari da azahar Baba Direba ya cika.

Bayan sati guda mai makaranta ta aiko a kawo bas. Mai Wayarin ya wanke ta ciki da waje, sannan ya yi sallama don karɓar makulli. Inna tana zaune a baranda, masu zuwa gaisuwa sun ragu. Ta miƙo masa makullin. Ya karɓa amma ya kasa tafiya, sai ya durƙusa a gabanta. Ya ce ta yafe masa, ya san da ciwon tun ranar da suka sayo kyamarar, Baba ya roƙe shi ya yi shiru, shi kuma ya yi.

"Kai kana ganin ni ban sani ba?" in ji ta. "Wa ke ɓalle masa maɓallin riga?"



Ta ce ta yi roƙo, ta yi kuka, ta yi fushi, mutumin nan ya kafe. Ranar da ya gogi ginshiƙi karo na biyu ne ta samu ya yi mata rantsuwa: in ya ƙara goga sau ɗaya, a ranar zai ajiye makulli su tafi asibiti. Kuma shi in ya rantse ba ya warwarewa, kowa ya san shi da wannan.

"Kullum la'asar ina nan zaune ina kasa kunne. Wallahi addu'a nake Allah ya sa ya goga. Kwana huɗu na yi ina jira. Rana ta biyar sai ga ka da kwalinka."

Ya so ya ce bai sani ba, amma ita ma ta san bai sani ba, faɗin ba zai ƙara komai ba. Ta gyara mayafinta, ta ce ya tashi, ba ta riƙe shi da komai ba, kwana ne ya ƙare. Ta ce ita ma ai tana da baki ranar da ya zo aikin, ta tsaya tana kallonsa ba ta buɗe ba.

Ya fita ya hau bas ɗin, ya zauna a kujerar direba. Ya kai hannu zai gyara madubin gefe yadda ya saba in ya shiga motar wani, sai ya dakata. An karkato madubin ciki sosai. Na ɗaya gefen ma haka. A gefen gilashin gaba kuma an manna wasu ƙananan madubai guda biyu da gam, irin na cikin jakar mata, ba shi ya sa su ba, ko da yake wanki ma bai lura da amfaninsu ba. Ya jingina bayansa ya tsayar da kansa cak, sai ga komai ya zo masa: titi ta dama, titi ta hagu, ƙofar da yara ke hawa, har matakalarta ta ƙasa.

Ya daɗe a haka bai motsa wuya ba, makullin yana hannunsa.