Kunun Mutum Hamsin

A cocin su Tizhe da ke unguwar Lokuwa a Mubi, al'ada ce a farkon kowace shekara a yi azumin kwana uku. Ran ƙarshe da yamma Tizhe zai buga ƙararrawa, kowane gida ya kawo kunu, a sha tare. Shekara goma sha ɗaya yana bugawa.

A shekarar 2015 kuwa babu ƙararrawa. 'Yan bindigan da suka kama Mubi sun ƙona cocin, ƙarfen ma ba a san inda ya shiga ba. Jama'a sun watse, wasu Yola, wasu Kamaru. Tizhe da matarsa Margret sun dawo sun tarar da unguwa tsit, suka ɗauki azuminsu su kaɗai. Abin da ke cin ransa ɗaya ne: ko cocin nan zai sake taruwa?

Ran na uku ya same ta ta ɗora tukunyar biki tana dama kunun gyaɗa.

"Maman Zira, wannan ai na mutum hamsin ne. Mu biyu ne fa."

"Kai dai je ka buga abinka."

"In buga me? Kaina?"

"In zai yi ƙara, buga."

Ya fita jiki ba ƙwari. A bakin titi Sajo mai faci, maƙwabcinsa Musulmi, ya ji damuwarsa, ya mirgino masa tsohon ƙarfen tayar tifa.

"Ungo. Tun da ka daina damuna da ƙara ran Lahadi, barcin ma ba ya daɗi."

Suka rataye shi a dalbejiyar gaban cocin. Tizhe ya ɗaga guduma, ya buga. Shiru. Ya ƙara, ya ƙara, har kafaɗarsa ta riƙe.

Can sai ga tsoho Jatau, dattijon coci, yana dogara sanda. Bayansa Sali mai ba da waƙa, da kwano a ka. Ashe mutane sun daɗe da dawowa, kowa ya rufe ƙofa yana azuminsa, yana zaton shi kaɗai ne. Sali ta ɗaga murya, mata suka amsa, aka yi ta rawa a kan toka har ƙafafu suka yi fari.

Kunu bai kai ba. Margret ta kankaro masa na gindin tukunya.

"Mu biyu ne ko, Baban Zira?"

Ya kurɓa yana dariya, ya koma ya ƙara buga ƙarfen.