Naman da Zara'u Ta Bari a Yamai

Ina sauya wa Zara'u tsumman ƙirjinta wayar Balkisu ta yi ƙara. Balkisu ɗiyarta ce, malamar lakwal a Tasawa, ta baro aji ta dawo ƙauyenmu Gidan Amumune jinya. Ta duba lambar, ta fice zaure.

"Likitan Yamai ne," in ji Zara'u. "Ɗaure da ƙarfi, Safi, bar jin tausayina."

Katanga ɗaya ta raba mu tun muna amare. Bara waccan aka yanke mata nonon hagu saboda ciwon daji, ta warke har ta koma suyar ƙosai bakin kasuwa. Da damina ciwon ya dawo kan tabon, ya fashe. Turaren wuta ma ba ya rufe warin.

Likitan nan ne ya gaya musu ana gwajin wani magani a ƙasar waje, mai tada garkuwar jiki ta yaƙi ciwon da kanta. Ya ce gwaji ne, ba alkawari ba, kuma ba kowa ake ɗauka ba. Aka kai Zara'u Yamai, aka ɗebi jininta da ɗan naman ƙirjin don a auna. Tun ranar take ɗura wa kanta kunu, ta amayar, ta sake sha, don kar a ce ta rame da yawa.

Balkisu ta dawo ta tsaya bakin ƙofa.

"Mi ya ce?" in ji uwar.

"Inna, ya ce a ƙara haƙuri."

"Ni na haife ki. Faɗi."

Balkisu ta durƙusa gefen tabarma. "Ciwon ya ci hanta. Ba su ɗaukar wanda hantarsa ta kai haka."

Zara'u ta daɗe tana kallon rufin ɗaki.

"To naman da suka yanka fa? Zubarwa za su yi?"

"Ya ce in kin yarda su aje, su yi nazari."

"Su aje. Ke ma mace ce, ɗiyarki ma." Ta ture ƙwaryar kunun da bayan hannu. "Safi, ɗauke wannan. Na gaji da shi."

Daga nan ruwa kawai take karɓa. Ta cika ranar kasuwa da hantsi, 'yan kabu-kabu na ta wucewa bayan gida. Ni na yi mata wanka. Ba ta fi damin kara nauyi ba.

Ranar addu'ar uku ina wanke kwanoni bayan rumbu, sai ga Basira, matar ƙanen mijina, da goyo a bayanta. Ta kama hannuna a jiƙe, ta cusa ƙarƙashin hijabinta, ta danna yatsuna gefen nononta.

Wani abu ne mai tauri, kamar ƙwallon dabino.

"Tun yaushe?" na ce.

"Tun girbi."

A ƙofar gida maza suka shafa fatiha. Ba ta saki hannuna ba, ni ma ban janye ba.