Garin Kwalba Ta Uku

Wata uku ke nan 'Yar Ɗigo tana aiki guda a ɗakin gwaji na sashen haƙora. Sunan ma daga aikin ta samo shi: ta jiƙa gari a ruwa, ta riƙa ɗiga masa asid ɗis, ɗis, idonta a kan na'urar auna tsami. Gari iri huɗu ne, waɗanda ake haɗawa a gam ɗin liƙe cikon haƙori, kuma ana son sanin wanda ya fi kashe ƙarfin asid, don kada haƙori ya ruɓe ta ƙarƙashin ciko.

Na uku ne ya yi zarra. Farfesa shugaban sashen kuwa ya daɗe yana yabon na biyu a kowane taro, saboda haka da ya ga sakamakon ya haɗe rai.

“Ki maimaita a gabana gobe. In bai fito haka ba, ba zan sa hannu a takardar tabbatar da ke a aiki ba.”

Washegari ta buɗe kwalba ta uku, wayam! Ko abin da kiyashi zai ɗauka babu, sabon gari kuma sai bayan wata biyu. Ta kifa kwalbar a tafin hannunta ta girgiza, a banza.

Farfesa ya shigo yana gyara tabarau. “Ina garin? Ko shi ma asid ɗin ya cinye?”

Iya mai goge-goge, wadda ke share teburin gefe, ta ajiye tsummanta.

“Ranka ya daɗe, kada ka yi wa yarinyar nan faɗa. Ni na shanye.”

“Kin me?”

“Ƙwannafi ke damuna shekara da shekaru. Kullum ina jin 'yar nan tana cewa garin nan yana kashe tsami. To, tsamin cikina ba tsami ba ne? Sai na riƙa ɗiban rabin cokali.”

'Yar Ɗigo ta dafe kai. “Iya! Wannan fa ba magani ba ne!”

“Ai duka huɗun na gwada. Na ɗaya da na huɗu dama-dama. Na uku kam, ina sha sai in ji ƙirjina ya yi sanyi.”

Farfesa ya yi gyaran murya, ya rage sauti. “Na biyu fa?”

“Wannan? Ko gyatsa bai sa ni ba, ranka ya daɗe.”

Farfesa ya ce a kai Iya wurin likita maza-maza, a kuma sa wa kabad ɗin kwalaben kwaɗo. Ya ja takardar ya rattaba hannu bai dubi kowa ba.

'Yar Ɗigo ta yi murna, amma har suka isa layin ganin likita haushi bai sake ta ba. Lambobin na'ura shafi goma sha biyu ta kai wa mutumin nan ya ƙi yarda, Iya ta gamsar da shi da rabin cokali.