Ranar da Hajiya Ta Kwanta Rigingine

Ranar Asabar ce a watan Nuwamba na 1993, tun asuba ake yayyafi irin na Landan, wanda ba ya ɗaukewa kuma ba ya kecewa. Hambali ya idar da salla, ya yaye tawul ɗin da yake lulluɓe akwatin gilashin da shi, sai ya ga Hajiya kwance rigingine, ƙafafunta duka a sama.

Hajiya gizo-gizo ce, irin manyan nan masu gashi da ake kira tarantula, girmanta ya kai tafin hannu. Wata uku ke nan da ya sayo ta a wani kanti a Barking. Ya laƙaba mata sunan ne saboda yadda take hakimcewa a kusurwa ta wuni, sai an kawo mata gyare har gabanta.

Shekarun Hambali goma sha tara. Ya bar makaranta bai kammala ba, ya bar wankin mota, ya bar wanke-wanke a gidan abinci. Ranar da ya shigo da akwatin cikin gidan yayansa Lawal a Woolwich, yayan ya dube shi ya ce, "Wannan ma mako biyu na ba ka." Hajiya ce abu na farko da ya riƙe bai sake ba. Ga ta yanzu kamar gawa, ga Yaya Lawal yana Manchester, gobe zai dawo.

"Anti! Anti Karimatu, don Allah zo ki gani."

Matar yayan nasa ta tsaya a bakin ƙofa da cokali a hannu. Tun zuwan Hajiya ba ta ƙara taka ɗakin ba.

"In dai dodon nan ne ya fita, wallahi yau a gidan ƙawata Fulera zan kwana."

"Ba ta fita ba. Birkicewa ta yi."

Karimatu ta leƙo daga nesa, sai fuskarta ta sauya. "Wayyo, baiwar Allah. Kana ba ta abinci kuwa?"

"Mako uku ke nan ta ƙi ci."

"To ai yunwa ce, suma ta yi. Yayyafa mata ruwa."

"Anti, gizo-gizo ce fa."

"Rai dai rai ne. A gidanmu ko ɗan tsako ne ya sheme, ruwa ake fesa masa, a kifa masa ƙwarya a yi ta bugawa, sai ka ga ya miƙe. Tsaya in kawo maka kwano."

Hambali ya tuna shi ma ya taɓa ganin kakarsa ta yi haka a Gusau, kuma ɗan tsakon ya tashi. Ya tsoma yatsu a kofi ya yayyafa. Ya karɓi kwanon silba ya kifa a kan Hajiya, ya shiga bugawa da cokali, ƙarar ta cika ɗakin. Da ya ɗaga, ƙafa ɗaya ta motsa.

"Ka gani ko?" in ji Karimatu. "Da sauran numfashi. Juya ta, ba a barin mara lafiya rigingine."

Ya zura cokalin ta gefen hagunta ya juya ta. Ta yi lamo. Can sai ta fara jan jiki a hankali, tana ƙoƙarin komawa yadda take. Ya fita falo ya buga tarho kantin da ya sayo ta, ba wanda ya ɗauka. Ya sake bugawa.

"Ai ba su buɗe ba tukuna," Karimatu ta ce. "Ka ɗan jira mana."

Bai jira ba. Ya shimfiɗa auduga a cikin wata robar ayis-kirim, ya hudahuda murfin da wuƙa, ya kwashi Hajiya ya sa, ya cusa robar cikin jaket ɗinsa.

A jirgin fito na Woolwich iska tana kaɗawa, ruwan kogin ya yi launin toka. Ya tsaya ya rungume ƙirjinsa kamar mai ciwon haƙarƙari. A tsallake ya hau bas, duk inda direba ya taka birki sai ya ji robar ta zame. Wajen East Ham ya kasa daurewa, ya ɗaga murfin kaɗan. Hajiya ta koma rigingine. Gefen jikinta ya tsage, wani abu mai sheƙi yana leƙowa, ga ɗigon ruwa fari a kan audugar. Wata tsohuwar Baturiya da ke kusa da shi ta leƙa, ta tashi tsam ta koma baya.

"Hajiya, ki yi haƙuri, mun kusa," ya ce a hankali.

Ya tarar da Dinatu tana ɗaga ƙofar kantin. 'Yar Kagoro ce, tana karatun dabbobi, ranar Asabar kuma tana aiki a nan. Ita ta sayar masa da Hajiya, ranar da ya shigo fakewa daga ruwan sama ya ji tana yi wa wani kunkuru faɗa da Hausa.

"A'a, ƙanena, da sassafe haka? Hajiyar ce ta aiko ka?"

Ya miƙa mata robar. Ta buɗe, murmushinta ya ɗauke.

"Me ka yi mata?"

Ya faɗa mata duka: ruwan, kwanon, cokalin, bas ɗin.

"Kwano ka buga mata?" Ta dafe goshi. "Mu ma haka muke yi wa 'yan tsaki a gida. Amma wannan ba ciwo ba ne, Hambali. Saɓa take yi, kamar maciji. In lokaci ya yi sai ta daina ci, ta kwanta rigingine, ta zare jikinta daga tsohuwar fata. Ko iska ba ta so a lokacin."

"Ba ki gaya mini ba."

"Ina cikin gaya maka ka ce bas ɗinka zai wuce."

Ya dubi robar. "Za ta mutu?"

"Ban sani ba. In ta maƙale a ciki, shi ke nan."

"To me zan yi?"

"Ba komai."

"A'a, Yaya Dinatu, ki gaya mini. Magani, ko likita, ko in je Marylebone, an ce akwai wani asibitin dabbobi..."

"Na ce ba komai. Shi ne aikin, kuma na ga alama ya fi ƙarfinka."

Ta kai robar ɗakin baya mai ɗumi, inda ake ajiye buhunan abincin tsuntsaye. Ta ɗora ta a kan wata kantar katako, ta ajiye jiƙaƙƙen ƙyalle a gefe, ta jawo masa wata 'yar kujera.

"Kada ka taɓa. Kada ka hura mata numfashi. In ka gaji, ga ƙofa."

Ya zauna. Bai daɗe ba ta leƙo. "Gwiwarka tana girgiza kantar."

Ya danne gwiwar da hannu biyu. A waje ana ta shiga da fita, ƙararrawar ƙofa tana kaɗawa, wani yaro yana kuka sai an saya masa zomo. Hambali ya tuna akwai ƙwallo yau, ya tuna bai karya ba, ya tuna fuskar Yaya Lawal in ya shigo gobe ya ga akwati wayam. Ba zai yi faɗa ba. Gyaɗa kai kawai zai yi, ya wuce ɗakinsa. Da azahar ta yi, Hambali ya shimfiɗa kwali tsakanin buhuna ya yi salla, yana sauka sujada a hankali kamar mai tsoron tada jariri.

Wajen la'asar Hajiya ta fara. Ƙafafun suna lanƙwashewa suna miƙewa, sababbi suna zarowa daga tsofaffi kamar ana cire safa, farare-farare, masu laushi. Ta huta, ta ci gaba. Gefen dama ya fita tsaf. Gefen hagu ya tsaya. Tana ja, ba ya zuwa.

Akwai ɗan hantsaki a kan kantar, irin wanda ake ɗaukar gyare da shi. Hannunsa ya kai ga hantsakin kafin ya ankara. Ja ɗaya kawai, a hankali, ya taimaka mata. Dinatu tana can tana auna wa wani hatsin aku, ba za ta gani ba.

Ya daɗe yana riƙe da shi. Sannan ya mayar, ya tura hannuwansa biyu ƙarƙashin cinyoyinsa ya zauna a kansu.

Duhu ya fara shigowa lokacin da Hajiya ta yi wata irin fizga ta rabu da fatar. Ta kwanta a gefe, jiƙe, tana motsa ƙafafu ɗaya bayan ɗaya. Dinatu ta shigo ta sunkuya, ta jima tana kallo.

"Ta sha," ta ce. "Amma ba duka ta fito ba. Za ta kwana nan mako guda, har jikinta ya yi ƙwari."

"Ƙafafun da suka rage fa?"

"Suna iya tsirowa in ta sake saɓa. Baɗi war haka, wataƙila."

"Baɗi?"

"Baɗi. In kana nan."

Hambali ya matso da fuskarsa, ya riƙe numfashi, ya ƙirga. Huɗu a dama, biyu a hagu. Sauran biyun suna cikin tsohuwar fatar.